Kifa Allo a Biya: Tuno Karatu da Ka a Sabon Ibadan

Hanya biyu ɗalibi ke bi idan yana son karatu ya zauna masa. Ko dai ya yi ta maimaita duba littafi, ko kuwa ya rufe shi ya matsa wa kansa har ya fito da abin da ya karanta. Ta farko ta fi daɗi, domin ido kan saba da shafi har mutum ya ɗauka ya iya. Ta biyu da wuya take, amma ita ce ke riƙe karatu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Sabo, unguwar Hausawa da aka kafa a Ibadan a 1916, wadda fataucin goro da shanu ya raya. A makarantar allo, nan da Kano duk tsari ɗaya ne: mai hadda ba ya wanke allonsa sai ya kifa shi ya kawo karatun da ka. In ya yi tuntuɓe, malam ya gyara masa nan take. Bayan haka ga tilawa, wadda ke mayar da shi kan izun da ya wuce tun kafin su kuɓuce. Ƙololuwar abin ita ce ta alaramma, mai rubuta izu sittin ba tare da ya leƙa Alƙur'ani ba.

Binciken zamani ya zo ya tarar da malaman allo a nan. A 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun ba ɗalibai gajeren rubutu. Wasu suka karanta shi a zama huɗu, wasu kuwa zama ɗaya suka yi, sannan suka rubuta abin da suka tuna har sau uku. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Da mako ya zagayo sai reshe ya juye da mujiya: masu tunowa sun riƙe kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kashi 40 kacal, alhali su ne suka fi amincewa da kansu.

Abin mamaki, yaron da ya san wannan dabara a gaban malam yakan yar da ita in jarrabawar WAEC ko JAMB ta ƙarato, ya kwana yana bin littafi da ido.

Sai dai darasin boko ba aya ba ne da za a kawo kalma da kalma. Abin da ake tunowa a nan ma'ana ce: me ya jawo kaza, yaya kaza ke aiki. Ɗan Sabo yana da ma'auni mai kyau a bakinsa, tunda da Turanci yake karatu, Hausa kuma yake yi a gida. In ya rufe littafin kimiyya ya bayyana wa ƙanensa darasin da Hausa, duk inda ya cije nan ne bai gane ba. Wurin zai buɗe ya duba, ya sake rufewa, ya kuma gwada bayan kwana biyu ko uku.