Tayar da Gwangwama Daga Ƙwayar Iri a Lambun Gida

Shirin faɗakarwa na wannan mako, wanda aka tsara domin masu sauraro na Kuberi da sauran garuruwan Jega, Aliero da Maiyama, ya shafi shukar nan mai faffaɗan ganye irin na ayaba da fure ja ko ruwan ɗorawa, wadda ake kira gwangwama a wasu sassan ƙasar Hausa, masana tsirrai kuma suka sa mata suna Canna indica.

Asalinta yankunan zafi ne na nahiyar Amurka, kuma danginta na kusa su ne citta da ayaba, shi ya sa take da saiwa mai kauri da ke rarrafe a ƙarƙashin ƙasa tana fitar da sababbin rassa. A ƙasashen Peru da Kwalambiya ana noma wani nau'inta domin cin wannan saiwa, a Biyetnam kuma da garinta ake yin taliya. Galibin masu lambu saiwar suke rabawa su dasa, amma wanda ba shi da maƙwabcin da zai yanko masa, ƙwayar iri ta ishe shi, kuma tana da fifiko guda, domin cututtukan da ke sa ganye ya yi zane-zane ya tsumbure sun fi bin saiwa daga lambu zuwa lambu.

Wahalar gwangwama duka a ɓawon irinta take. Ƙwayar baƙa ce, zagayayya, ba ta kai gujiya girma ba, amma taurinta ya sa ake huda ta a yi carbi, ana kuma zuba ta cikin caki. Ɓawon yana hana ruwa shiga, kuma muddin ruwa bai shiga ba, ɗan tsiron da ke ciki barci yake yi, komai daɗewa. A shekarar 1968 masu bincike a Ajantina sun ba da rahoton tsirar da ƙwayar wani nau'in gwangwama da aka ciro daga abin wuya a wani tsohon kabari a Santa Rosa de Tastil, bayan ta haura shekara 500 a binne. Saboda haka mai lambun da ya binne iri ya yi wata biyu yana ban ruwa bai ga komai ba, kada ya yanke hukuncin cewa irin ya mutu. Manoman wannan yanki sun san irin wannan hali a 'ya'yan gawo da bagaruwa, waɗanda suka fi tsirowa bayan sun bi ta cikin dabbobi ɓawonsu ya yi laushi.

Abin da ake yi shi ne a goga gefe ɗaya na ƙwayar a jikin magagari ko samfefa, ko a ɗan ɓantare shi da abin yanke farce, har sai wani ɗigon fari ya bayyana, a nan kuma ake tsayawa, domin zurfafawa na iya raunata tsiron. Daga nan sai a jiƙa ƙwayoyin a ruwa mai ɗumi na kwana 1 zuwa 2, ana sauya ruwan kullum don kada ya yi tsami. Wadda ta kumbura ta karɓi ruwa. Wadda ta tsaya yadda take, a sake goge ta.

Sauran aikin ba baƙo ba ne ga mutanen da suka yi suna da noman albasa kamar na Aliero, domin rainon iri ne kafin dashe. Ana cakuɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, a zuba a ledar fiya wata da aka huda gindinta, a binne ƙwaya ɗaya a zurfin da bai wuce gaɓar yatsa ba, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafi yadda ƙasar za ta kasance da danshi ba tare da ta zama taɓo ba. Cikin mako 1 zuwa 2 tsiro yakan fito a naɗe kamar tabarma. Lokaci yana da muhimmanci: sanyin daren hunturu yana jinkirta tsiro, zafin Afrilu kuma, wanda kan haura digiri 40, yana busar da leda cikin yini guda, don haka ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni ya fi dacewa, yadda dashe zai zo daidai da zaman damina.

Idan shukar ta yi ganye 3 ko 4, sai a dasa ta da yamma, a bar tazarar kamu ɗaya tsakanin kowace biyu, a wurin da rana ke samu aƙalla rabin yini. Gwangwama mai son ruwa ce da taki, kuma ƙasar jigawa ba ta riƙe mata ko ɗaya, sai an yi ƙaramin fangali an wadata shi da takin dabbobi. Wuri mafi dacewa a gida shi ne bakin makwararar ruwan alwala da na wanka, inda ruwa ke kwanciya yana tara sauro; a ƙasashe da dama ana dasa ta da gangan a kududdufan tace ruwan datti, kuma abin takaici ne a bar wannan ruwa yana malala kan hanya alhali zai iya raya shuka. Awaki suna cin ganyenta, don haka shinge wajibi ne.

Wadda aka kula da ita takan yi fure a daminar farko. Sai dai ba lallai launin ya zo kamar na uwar ba, musamman a nau'o'in manyan furanni da aka samar ta hanyar barbara tun ƙarni na 19 a Faransa, waɗanda wasunsu ma ba sa yin iri sam. Wanda ya samu launin da yake so, saiwar zai riƙa rabawa duk bayan shekara 2 ko 3. Mai son tara iri kuma ya bar kwanson ya bushe a kan karan har ya fara tsagewa, sannan ya tsinke ya adana a kwalba inda babu laima.