Ɗakin Uwa a Matsayin Makarantar Fasaha: Daga Jeren Amarya Zuwa Darasin 'Yargalma

Gabatarwa

A manyan gidajen nunin zane na duniya akwai wani salo da ya yi tashe, inda mai zane ke haɗa fenti da ƙyalle da hoto da takarda da tarkacen gida a kan allo guda. Wannan takarda za ta kira shi fasahar haɗa-kaya. Hujjar da take kafawa ita ce, matan ƙasar Hausa sun daɗe da iya wannan aiki a ɗakunansu, kuma mai zanen da ya taso a Anka ko Gummi ko Bukkuyum a Jihar Zamfara ba ya bukatar aron kaya ko aron labari kafin ya shiga fagen.

Jere da masu yinsa

Tun yarinya tana talla uwarta ke fara tara mata kayan ɗaki. Da kuɗin adashi da ribar ƙuli-ƙuli ko fura ake sayen kwano yau, faranti gobe, a ɓoye a ƙarƙashin gado har ranar biki. Idan ranar ta zo, 'yan jere, wato gwaggwanni da innoni da yayyen amarya, su ne ke shiga ɗakin su tsara shi. Ana ɗora kwanoni daga babba zuwa ƙarami har su kusa taɓo rufi. Ana kafa faya-fayi masu rinin ja da kore a bango, a shimfiɗa tabarma, a rataya labule. Wata ta ja da baya ta ƙare wa bangon kallo, ta ce wannan jan ya yi kusa da wancan, a raba su. Mai zane ma irin wannan hukunci yake yankewa a gaban allonsa.

Kayan jeren kansu tarihi ne. Kakanni sun yi jere da ƙorai masu zanen wuta da tasoshin tagulla. Zamanin kantunan Turawa ya kawo langa da fanteka da samira, daga baya tangaran da gilashi suka karɓe kabad. Wanda ya iya karanta bangon ɗakin tsohuwa zai gane lokacin da aka yi mata aure, da ƙarfin gidansu, da shekarar da kaka ta yi kyau.

Haka zanen goyo da majanyi, da ƙwaryar da ta tsage gyartai ya ɗinke ta, da hular da matar aure ke ɗinkawa a cikin kulle. Duk aikin hannu ne da ya fito daga hidimar iyali, kuma galibinsa ba shi da siffar mutum, don haka bai shiga taƙaddamar malamai kan hoto ba.

Waɗanda suka kai fasahar gida kasuwar duniya

A 1958 wasu ɗaliban zane a Zariya, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suna kira da a gwama dabarun Turai da fasahar gida. Ladi Kwali kuwa a wajen gwaggonta ta koyi ginin tukunya kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta da, wato Suleja, a 1954. Yau hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Marcia Kure, wadda aka haifa a Kano a 1970 ta yi karatu a Jami'ar Nsukka, ta yi suna da zane da ruwan goro, kuma zama uwa na cikin jigogin aikinta. Njideka Akunyili Crosby, haifaffiyar Enugu a 1983 mai zaune a Los Angeles ta Amurka, tana zana falo da teburin cin abinci da 'yan uwa, tana dasa tsofaffin hotunan gida a jikin takarda, har da atamfar anko mai hoton mahaifiyarta, Dora Akunyili, tsohuwar shugabar hukumar NAFDAC da ta rasu a 2014. A 2017 an sayar da wani aikinta a Landan kan kusan dala miliyan 3. Abin da masu sayen suka biya kuɗi a kansa, kayan cikin gida ne da kewar iyaye.

Darasin 'Yargalma

Zamfara ma tana da nata labarin cikin gida, amma na baƙin ciki. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Bincike ya gano gubar dalma ce. Tsadar zinare ta sa ana kawo duwatsun ma'adinai cikin gida, ana dakawa, ana niƙawa, ana shanyawa a tsakar gidan da jarirai ke rarrafe. A ƙauyuka biyu da abin ya fi ƙamari, kusan ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu cikin shekara guda, kuma jimillar yaran da aka rasa a yankin ta kai wajen 400. An kankare ƙasar gidaje a ƙauyukan 'Yargalma da Dareta a 2010 aka zuba sabuwa, ƙauyen Bagega kuwa sai 2013.

An adana wannan labari a rahotannin likitoci da alƙaluma. Amma uwar da ta naɗe majanyin ɗanta ta ajiye a ƙasan akwati tana riƙe da wani ɓangare na tarihin da alƙalami bai ɗauka ba. Turmi da taɓarya da rariya, kayan da aka sani da ciyar da iyali, su ne suka yi jigilar ƙurar. Fasahar haɗa-kaya ita ce ta fi dacewa da irin wannan labari, domin tana barin kayan su tsaya a gaban mai kallo su ba da shaida da kansu.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Turmin da ya daki dutsen zinare ko ƙasar tsohon wurin niƙa ba abin kai wa ɗakin nuni ba ne sai an auna. Wasu fentoci na ɗauke da dalma, haka ma kwallin dutse da ake rambaɗa wa jarirai. Sannan baƙin cikin uwa ba hajar kowa ba ce: a nemi izininta, idan tana so a sa sunanta, a kuma ba ta kasonta idan an sayar.

Shawarwari

Na farko, hukumomin al'adu na Jihar Zamfara su ɗauki hotunan tsofaffin jere da izinin masu ɗakin, su rubuta sunan kowane kwano da zane, kafin kayan roba su shafe su.

Na biyu, Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau, wadda ta mata ce zalla, ta gayyato masu saƙar faifai da masu zanen ƙwarya su koyar, a biya su kamar kowane malami.

Na uku, ɗaliban zane na Jami'ar Ahmadu Bello da suka fito daga yankin su yi aikin kammala karatunsu tare da ƙungiyoyin mata na garuruwansu. Idan an gama, a fara baje shi a Anka ko Gummi ko Bukkuyum ranar kasuwa, inda matan da suka ba da ƙyallayen za su gani su yi gyara, kafin a ɗauke shi zuwa Kano ko Abuja.