Kafin Ka Shiga Gudun Fanfalaki Na Farko

Shirinmu na yau na matasa ne masu niyyar shiga gudun fanfalaki a karon farko, irin wanda ake yi a Legas tun shekarar 2016.

Tsawon wannan gudu kilomita 42 ne da mita 195. Ƙarfin ƙuruciya kaɗai ba ya kai mutum ƙarshensa. Tun ran gini ake zane, shi ya sa masu horarwa ke ware mako 16 zuwa 20 na shiri.

Ɗan'uwa, fara da asibiti, a duba maka zuciya da hawan jini. Daga nan ka riƙa fita sau uku ko huɗu a mako, ɗaya daga ciki ya zama dogon gudu a hankali. Kana ƙara nisa kaɗan-kaɗan har ka kai kilomita 30. Idan saura mako biyu ko uku, sai ka sassauta domin jiki ya murmure.

Kai da ke Kano ko Jos, ka lura: cikin sanyin hunturu za ka yi atisaye, amma gudun Legas a watan Fabrairu ake yinsa, cikin zafi da gumi. Ka saba da kurɓar ruwa kana gudu. Kada kuma ka sa sabon takalmi ranar gasa.

To, ina wahalar take? Wajen kilomita 30 take. A nan sukarin da jiki ya ajiye a tsoka da hanta kan ƙare, ƙafa ta yi nauyi, zuciya ta ce maka ka zauna. Maganinta tun da wuri ne: ka ci shinkafa ko dankali sosai a kwanakin ƙarshe kafin gasa, ka riƙe dabino a hanya, sannan ka danne zumuɗi a farkon gudu. Jama'a za su zabura, kai ka bi takun da ka saba. Kada ka riƙa lissafin 42 gaba ɗaya. Ka raba hanya biyar-biyar, ka ci wannan kafin ka tuna da wancan.

Gajiya ana jure ta, amma ciwon ƙirji ko jiri ba abin jurewa ba ne. Da ka ji su, tsaya ka nemi ma'aikatan lafiya.

Masu sauraro, wanda ya yi niyya ya fara shiri tun yau, kada ya jira sai gasa ta ƙarato. Allah Ya ƙara mana lafiya. A huta lafiya.