Bakteriyar Hanjin Agwagin Kiwo da Alaƙarta da Muhalli

Hanjin agwagwa mazauni ne na ɗimbin ƙwayoyin bakteriya, kuma akasarinsu ba masu kawo cuta ba ne. Abinci yakan bi ta ƙundu a niƙe shi, ya ratsa ƙaramin hanji, sannan wani sashe nasa ya shiga wasu jakunkuna biyu da suka yi reshe a ƙarshen hanjin, waɗanda masana ke kira sikam. A nan ne bakteriya suka fi taruwa, domin babu iskar oksijin sosai, kuma abinci yakan ɗan jima. Manyan rukunonin da aka fi samu su ne Firmicutes da Bacteroidetes da Proteobacteria. Aikinsu shi ne sarrafa ɓawon hatsi da ganyen da agwagwa ba ta iya narkarwa da kanta, su mayar da su sinadarai irin su asitet da butiret, waɗanda ke ciyar da bangon hanji. Haka kuma suna cike gurbin da miyagun ƙwayoyi za su so su kama.

A da, sai ƙwayar da ta yarda ta tsiro a ɗakin gwaji ake iya sani. Yanzu ana ɗaukar kashi ko laka ko ruwa, a karanta wani yanki na ƙwayar gado mai suna 16S rRNA, wanda Carl Woese ya yi amfani da shi a 1977 wajen rarrabe halittu. Da wannan hanya ake kwatanta abin da ke cikin hanji da abin da ke cikin kududdufin da agwagwa ke wanka.

Ɗan agwagwa yana fitowa daga ƙwai hanjinsa kusan fayau. Ƙwan agwagwar Pekin yana kwana 28 kafin ƙyanƙyasa, na Muskobi kuwa, wadda aka fi gani a gidajen ƙasar Hausa, kwana 35. Wanda uwa ta ƙyanƙyashe yana samun bakteriyarsa ta farko daga sheƙa da kashin uwar. Wanda inji ya ƙyanƙyashe kuwa sai abin da ya tarar a mazubin ruwa da dusar katako da hannun ma'aikaci. A kwanakin farko dangin E. coli ne ke rinjaye, daga baya masu ƙin oksijin su karɓi ragama. Tun 1973 Nurmi da Rantala suka nuna a ƙasar Finlan cewa idan aka ba 'yan tsakin kaji bakteriyar hanjin manyan kaji masu lafiya, ƙwayar cuta ta Salmonella ba ta samun wurin zama cikin sauƙi.

Abin da ya bambanta agwagwa da kaza shi ne ruwa. Takan dulmiya baki cikin taɓo, ta tace shi ta gefen bakin mai kama da haƙoran mataji, ta haɗiye tsutsa da katantanwa da gansakuka tare da duk wata ƙwaya da ke manne da su. A cikin ruwan nan kuma take kashi, mai ruwa-ruwa da yawa. Ke nan abin da ya fita daga hanji yana komawa hanji, nata ko na 'yar uwarta. Shi ya sa tsarin kiwo yake sauya bakteriyar ciki: agwagin da ke kan tafki, da na kan shimfiɗar ɓuntun shinkafa, da na kan raga wadda kashi ke zuba ƙasa, ba su da jama'ar hanji iri ɗaya.

Ƙasar Sin, wadda ke kiwon fiye da rabin agwagin duniya, ta daɗe tana haɗa kiwon agwagwa da na kifi, inda kashin yake zama takin da ke haɓaka abincin kifi. A Japan, manomi Takao Furuno ya yi suna wajen sakin agwagi cikin gonar shinkafa su ci ciyawa da ƙwari su bar taki. Amfanin yana da iyaka. Idan agwagi suka fi ƙarfin ruwan, sinadaran naitirojin da fosfaras sukan yi yawa, ruwan ya koma kore, iskar cikinsa ta ragu, kifi ya fara mutuwa.

Ta fuskar lafiyar jama'a, agwagwa na iya ɗauke da Salmonella da Campylobacter ba tare da alamar ciwo ba. Zafin jikinta kusan digiri 41 ne, Campylobacter kuwa ta fi bunƙasa a wajen digiri 42. A 2010 an samu ɓarkewar Salmonella a Ingila da Ayalan wadda aka danganta da ƙwan agwagwa.

Matsala mafi girma ita ce bijire wa magani. Maganin antibayotik da aka zuba a ruwan sha ba ya ƙarewa a jiki. Wani kaso yana fita da kashi, tare da bakteriyar da suka tsira. A cikin laka, ƙwayoyi sukan miƙa wa juna ƙwayar gadon bijirewa, ko da ba danginsu ɗaya ba. A 2015 aka bayyana cewa an gano a Sin wata ƙwayar gado mai suna mcr-1, wadda ke sa bakteriya bijire wa kolistin, maganin da likitoci ke ajiyewa don lokacin da saura suka gaza. Tarayyar Turai ta hana amfani da antibayotik don ƙara ƙiba tun 2006, Sin kuma ta cire kolistin daga abincin dabbobi a 2017.

A garuruwan ƙasar Hausa, agwagi kan wuni a kwata da kududdufin da yara ke wasa a bakinsu, wasu lokuta kuma da ruwan ake ban ruwan lambu. Matakan kariya sanannu ne: raba ruwan sha da na wanka, sauya shimfiɗa kafin ta jiƙe, tara kashi ya ruɓe ya yi zafi kafin a kai gona, hana ruwan garke gangarawa rijiya, dafa ƙwai da nama sosai, da barin ba da antibayotik sai da shawarar likitan dabbobi.