Tsatsa a ƙafafun gaba na moto: jawabi ga mutanen Damargu

 

Yau maganarmu a kan moto ce. Shi ke kai hatsi kasuwar Bakin Birji. Shi ke ɗauko marar lafiya daga ƙauyukan Gangara ko Tarka zuwa likita. Amma kowa inji yake dubawa. Ba mai kula da ƙafafun gaba, waɗanda makanikai ke kira shokazoba.

Ku duba ƙafar nan da kyau. Kashi biyu ce. A sama akwai sandan ƙarfe mai ƙyalli. A ƙasa akwai kube na alminiyo, da mai a cikinsa. Sandan yana shiga kuben yana fita duk lokacin da taya ta faɗa rami. A bakin kuben akwai zoben roba. Shi ke tsare man.

Ƙyallin nan ba ado ba ne kawai. Rufi ne da aka yi wa ƙarfen, kuma bai kai kaurin gashin kai ba. Hanyar Damagaram zuwa Agadas da ta bi ta Tanut tana da kwalta, amma hanyoyin ƙauyukanmu rairayi ne da tsakuwa. Tsakuwa ta bugi sandan, ta ɓalle rufin ɗan kaɗan. Da damina ruwa ya shiga wurin. Tsatsa ta kama, ta ɗaga rufin, ya yi kaifi kamar reza. Sandan na hawa yana sauka, kaifin na yankan zoben roba. Sai mai ya fara yoyo.

To, nan ne hatsarin yake. In mai ya zube, gaban moto zai riƙa dukan ƙasa, kan moto ya ƙi tsayuwa cikin rairayi. In man ya gangara ya taɓa birkin gaba, birki ba zai kama ba. Ku tuna wanda kuka goyo a baya.

Maganin farko tsumma ne. Kowane yamma a share sandan biyu da tsumma mai laushi, a shafa ɗigon mai mai tsabta, a goge. Da hunturu kar a bar man ya yi yawa, don ƙura na mannewa. In kun wanke moto da ruwan rijiya mai zartsi, ku busar da shi nan take. Gishiri yana gaggauta tsatsa.

Sau ɗaya a mako, ku bi sandan da farce. In farce ya wuce sumul, lafiya lau. In ya maƙale, akwai aiki.

Tsatsa ta sama-sama tana fita da takardar alminiyo da aka jiƙa da ruwa. Wadda ta yi kaifi kuwa sai samfefa mafi laushi, mai lamba 1000 ko 1200, da ɗan mai. A goga a hankali, a kan tabon kaɗai. Wasu na dirzawa da toka da yashi kamar gindin tukunya. Wasu har ruwan batir suke zubawa. Don Allah ku bari. Wannan ya fi tsatsar ɓarna.

In tabon ya zama rami, a wanke shi ya rabu da mai, a cike shi da gam ɗin nan mai haɗi biyu irin Araldite. A bar shi kwana ɗaya cur. Sa'an nan a goge har ya yi daidai da sandan. Wannan dabara ce ta jiran kuɗi, ba ta dawwama. Ramu sun yi yawa a inda zoben ke bi, ko sandan ya lanƙwashe? Sai canji. Wanda ya sa sabon zobe a kan sanda mai kaifi, kuɗinsa ya zubar, don yoyon zai dawo.

Kuben ƙasa bai da wahala. In ya yi farin gari, ko fentinsa na ɓarewa, a goge, a wanke, a sake fenti.

Saura rigar roba mai lanƙwasa da ke rufe sandan. Tana da amfani ƙwarai a ƙasar rairayi irin tamu. Amma in ta yage, ruwa da yashi take tarawa a ciki, tsatsa na ci ba ku gani. Ku ɗaga ta lokaci-lokaci ku leƙa. Kuma kar a ɗaura igiyar jarka ko ta buhu a jikin sandan.

In makaniki zai zuba sabon mai, ku tsaya a kansa. Ya auna, ƙafa biyun su samu daidai da juna, kuma kar ya zuba baƙin man da aka juye daga inji.

Mai tambaya ya ɗaga hannu. Ga moto nan a tsaye, sai mu gwada tare.