Naman Gwangwani Da Amanar Mai Saye: Jawabin Akawun Ƙungiya A Taron Cikar Shekara

 

Ranka ya daɗe Sarkin Zango, Allah gafarta malamanmu, shugaban ƙungiya, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, da 'yan'uwa da suka taso daga Seme, Paraku, Malanbil, Gaya da Maraɗi, sannunku da zuwa Kwatano.

Shugaba ya ce in ɗauki kaya ɗaya daga cikin kayan da muke fatauci in yi magana a kansa. Ni akawu ne, ban taɓa buɗe shago ba, amma ƙarar da ake kawowa ofis ta hannuna take bi. Shi ya sa na bar shinkafa da atamfa, na ɗauki naman gwangwani.

Abin ya girme mu duka. Wani Bafaranshe, Nicolas Appert, shi ya gano cewa in aka rufe abinci ruf a kwalba aka dafa shi da kyau, zai daɗe bai lalace ba. A 1810 gwamnatin Faransa ta ba shi kyautar faran 12,000, kuma a shekarar nan aka yi rajistar dabarar gwangwani a Ingila. Abin dariya, mabuɗin gwangwani sai bayan shekaru arba'in da wani abu ya fito. Kafin nan da guduma da kurfi ake fama.

Yaƙi ne ya yawata da shi duniya. Naman san da ake sarrafawa a garin Fray Bentos na ƙasar Yurugwai shi ne guzurin sojan Ingila, kuma kakanninmu da aka kai yaƙin Bama a ƙarƙashin tutar Ingila suka shiga. A Amurka kamfanin Hormel ya fito da Spam a 1937, sojojinsu suka tafi da shi Hawai, Filifin da Koriya. Soja ya koma gida, naman ya zauna. Yau a Koriya ta Kudu kwalinsa ake naɗewa a kai wa dangi tsaraba lokacin bukukuwansu, a Hawai kuma ana ɗora yankansa kan curin shinkafa. Mu nan da burodi, da taliya, da wainar ƙwan mai shayi muka san shi. Dalilin ɗaya ne ko'ina: ba ya neman firij, ba ruwansa da ɗauke wuta, kuma yana jure doguwar tafiya. Bahaushe ya riga ya san wannan lissafi, don abin da ya sa aka yi kilishi ke nan.

To amma kilishi ana ganinsa, ana sansanawa, a ɗanɗana kafin a biya. Gwangwani cinikin biri a sama ne, sai abin da takardar jikinsa ta faɗa. Kuma Spam ɗin da na ambata, na asali, naman alade ne. Akwai masu kama da shi da yawa a Dantokpa, wasu na kaza, wasu na sa, wasu gauraye.

Bara wani ɗan'uwanmu, ba zan kama suna ba, ya sami katan-katan da araha a wani sito kusa da tashar jirgin ruwa. Ya ga hoton nama ja a jiki, ya ce na sa ne, ya loda sai arewa. Can wani ɗan makaranta ya karanta wa mai shago ƙananan rubutun baya, ya ga kalmar porc. An riga an sayar da wasu, an ci. Kayan suka dawo, mai sito ya ce shi bai ɓoye komai ba, ga shi a rubuce, kuma gaskiyarsa. Kuɗin da ya tafi da sauƙi. Abokin cinikin shekara da shekaru ne ya daina ɗaukar wayarsa, kuma a garin nan ba sunansa ake kira ba, cewa ake "kayan 'yan Kwatano". Kun ga ya shafe mu duka.

Don haka ina roƙon iyayena, da girman Allah, kar mu tsaya ga hoto. A juya gwangwani. In an ga porc, pork, jambon ko lard, na alade ne. In babu tambarin halal kuma ba a fahimci yaren ba, kar a ji kunyar tambaya. Mafi yawan naman san gwangwani daga Burazil yake zuwa, wasu kamfanoni na da shaidar yanka, wasu ba su da ita.

Sai maganar kwanan wata, kuma nan ce ta fi damuna. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 Najeriya ta rufe iyakarta. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 gadar Malanbil ta tsaya, kaya suka koma bin kwale-kwale. Kowa a nan ya san katan nawa suka kwana a sito da cikin mota a rana. Gwangwani na da juriya, amma ba dutse ba ne. Wanda ya kumbura, ko ya yi tsatsa a baki, ko ya lotsa a wurin ɗinki, guba ce ke iya zama ciki, irin wadda ke shanye jiki har ta tsayar da numfashi, kuma ba dole ya yi wari ba. Masu goge kwanan wata su buga sabo kuwa, mun san ana yi. In jami'an NAFDAC ko 'yan duwan suka kama mutum da irin wannan, ƙungiya ba ta da bakin roƙo, ni ma ba zan rubuta takardar ba.

Na san riba ta yi ƙaranci, ga canjin naira da sefa yana cin uwar kuɗi. Wanda kayansa suka kusa cika wa'adi ya zo mu taimaka a karya farashi a fitar da su da wuri, a kuma gaya wa mai saye gaskiya.

Daga wannan mako, duk wanda zai sayi kayan gwangwani da yawa ya kawo guda ɗaya ofis kafin ya biya. Muna da yara biyu masu karanta Faransanci da Turanci, ba a biyan ko dala. Ana samunmu kullum daga safe zuwa La'asar, ban da Juma'a.

Allah ya sa albarka a nema, ya mayar da baƙinmu gida lafiya.