Riƙon Karnukan da Aka Ceto: Amfaninsa ga Dabba da Jama'a



Na san da jin kan wannan lacca wasu sun yi murmushi, domin kuwa kare ba shi da wata daraja a idon Bahaushe, har ma da sunansa ake zagi. Duk da haka ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku. Zan yi magana ne a kan wata al'ada ta mutanen Ingila da Amurka, watau riƙon karnukan da aka ceto daga titi, sa'an nan in nuna inda zancen ya shafi lafiyarmu da ta 'ya'yanmu.

Asalin Al'adar

Kalmar riƙo ba baƙuwa ba ce a gare mu. Mun san 'yar riƙo, wadda gwaggo ko kaka take ɗauka ta tarbiyyantar da ita har ta aurar. Mun kuma san ba da kiwo, inda mai akuya yakan danƙa ta ga wani ya kula da ita, alhali kowa ya san ba tasa ba ce. To, riƙon kare ya fi kama da wannan na biyun. Gidan ceton dabbobi ne yake da karen, mai riƙo kuwa yakan kai shi gidansa na 'yan kwanaki ko 'yan watanni, har a sami wanda zai karɓe shi dindindin. Bisa galibi gidan ceton ne yake ɗaukar nauyin magani da allura, shi kuwa mai riƙo ya ba da wuri da lokaci da kulawa.

Su waɗannan gidaje suna da dogon tarihi. A shekarar 1824 aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a Landan. A 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan ɓatattun karnuka da masu fama da yunwa, wanda aka mayar unguwar Battersea a 1871. A Amurka kuwa, Henry Bergh ya kafa irin wannan ƙungiya a birnin New York a 1866. Amma gina gida bai warware matsalar ba, saboda karnukan da ake kawowa sun fi ƙarfin ɗakunan da ake da su. Idan wuri ya cika, sai a kashe waɗanda suka daɗe ba a karɓe su ba. An ƙiyasta cewa a shekarun 1970 karnuka da kyanwoyin da ake kashewa a irin waɗannan gidaje a Amurka sun haura miliyan 10 a kowace shekara. Zuwa 2019 adadin ya sauko ƙasa da miliyan 1. Babban dalilin wannan raguwa shi ne yawaita yi wa dabbobi aikin hana haihuwa, amma riƙo da karɓar dabba dindindin su ma sun taimaka ƙwarai.

Amfani ga Karen

Gidan ceto, kome kyawunsa, wuri ne na hayaniya. Karnuka da yawa suna haushi dare da rana, baƙin mutane suna ta kai da kawowa, ga kuma ƙuncin keji. Likitocin dabbobi suna iya auna damuwar dabba ta hanyar wani sinadari mai suna kotisol, wanda yakan ƙaru a jiki idan hankali ya tashi. A shekarar 2019 Lisa Gunter ta Jami'ar Jihar Arizona da abokan aikinta suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan karnuka 207 a gidajen ceto guda 5. Sun auna wannan sinadari a fitsarin karnukan kafin a kai su gidajen masu riƙo, da lokacin da suke can na dare ɗaya ko biyu, da kuma bayan an mayar da su. Sai suka tarar ya ragu a gidan riƙo, karnukan kuma sun fi samun hutu mai tsawo. Da aka mayar da su keji, sai ya koma yadda yake a da, bai kuwa wuce haka ba. Darasin a nan shi ne, gajeren riƙo hutu ne kawai, maganin gaskiya shi ne karen ya sami gida.

Amfani na biyu ya shafi 'yan kwikwiyo. Tun 1965 masana biyu, John Paul Scott da John Fuller, suka bayyana cewa akwai wani lokaci a rayuwar kwikwiyo, daga wajen mako 3 zuwa mako 12 da haihuwa, wanda a cikinsa ne yake koyon sabawa da mutane. Kwikwiyon da wannan lokaci ya wuce shi bai saba da hannun ɗan Adam ba, yakan tashi da tsoro, kare mai tsoro kuwa shi ne mai saurin cizo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bugu da ƙari, cunkoso yana yaɗa cututtuka, kamar tari da wata muguwar gudawa da amai mai kashe 'yan kwikwiyo, saboda haka raba su zuwa gidaje kariya ce.

Na uku, riƙo yana bayyana halin kare. A cikin keji ba a iya sanin ko yana jure wa yara, ko yana bin kaji, ko ya iya gadi. Mai riƙo ne yake ganin wannan duka, ya faɗa wa mai son karɓa, don kada a yi cinikin biri a sama. Wani binciken da Gunter da abokan aikinta suka buga a 2023, wanda ya haɗa gidajen ceto 51, ya nuna cewa karnukan da aka ba da riƙo na dare ɗaya ko biyu sun fi sauran samun gida da ninki kusan 14. Akasarin waɗanda suka karɓe su kuwa ba masu riƙon ba ne, wasu ne dabam.

Amfani ga Mai Riƙo da Gidan Ceto

Duk karen da ya fita riƙo ya bar gurbi ga wani da ke yawo a titi. Ta haka gida mai ɗaki 50 yake iya kula da dabbobin da suka fi 50 nesa ba kusa ba, ba tare da ya ɗora bulo ko ɗaya ba. Shi kuma mai riƙo yana gwada kansa kafin ya ɗauki alkawarin da zai iya kai shekara 10 ko fiye, gwargwadon tsawon ran kare. Ɗalibi ko ma'aikacin da ake yi wa canjin wurin aiki ba zai iya wannan dogon alkawari ba, amma zai iya na wata guda. Yaran gida kuma suna koyon tausayi da riƙon amana.

Ba zan ɓoye muku wahalar abin ba. Karen da ya sha duka da yunwa yakan yi ɓarna, ya yi kuka cikin dare, wani ma ya yi cizo. Akwai kuma zafin rabuwa a ranar da za a miƙa shi. Wanda ba shi da haƙuri, ko wuri mai shinge, gara kada ya fara.

Inda Zancen ya Shafe Mu

Mai girma Shugaba, wani zai ce wannan duk sha'anin Turawa ne, mu ina ruwanmu? Amsa ita ce ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan dukansu daga cizon kare suke kamuwa, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya ƙwarai mutum ya tashi. Abin takaici shi ne tun 1885 Louis Pasteur ya gwada allurar rigakafinsa a kan ɗan Adam a Faransa, aka kuma dace.

Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, ana katse yaɗuwar ciwon. Sun kuma ga cewa karkashe karnukan titi ba ya kawar da shi, domin wasu sukan cike gurbin cikin ɗan lokaci. To, wane kare ne ake iya yi wa allura? Shi ne wanda ya saba da mutum, yake yarda a riƙe shi. A garuruwanmu karnuka da yawa suna da masu su, amma an sake su suna kiwon kansu a juji da mahauta. Abin da ya kamata mu ara daga al'adar riƙo shi ne tushenta, watau kowane kare ya zamana akwai mutumin da yake amsa tambaya a kansa. Ba mu rasa masana ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana nan tun 1924, ga kuma tsangayoyin koyar da likitancin dabbobi a jami'o'inmu, irin ta Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Game da addini kuwa, malamanmu sun fi ni sani cewa an halatta riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da gona. Sananne ne kuma labarin da ya zo a Buhari da Muslim na mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Babu mai cewa a sa kare a ɗakin kwana kamar yadda wasu Turawa suke yi. Inuwa a tsakar gida ko a gona, da ruwa, da abinci, da allura sun wadatar.

Kammalawa

Ina da shawara uku. Ta farko ga ma'aikatan ƙananan hukumomi da na ma'aikatun kula da dabbobi: a riƙa rubuta karnuka da masu su, a kuma kai allura unguwa-unguwa kowace shekara. Ta biyu ga ɗalibai, musamman masu koyon likitancin dabbobi: ku gwada ƙaramin tsarin riƙo ƙarƙashin kulawar malamanku, ku fara da 'yan kwikwiyon da aka yar, ku nema musu gida wajen manoma da makiyaya da mafarauta. Kada kowa ya kama baƙon kare da hannunsa sai da likitan dabbobi. Ta uku ga kowa da kowa: wanda kare ya ciza, a wanke ciwon da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran alama.

Rigakafi ya fi magani, alheri kuma danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Karen da aka riƙe aka yi masa allura a bana, wataƙila shi ne wanda da zai ciji yaron maƙwabcinka baɗi.